Malama Kawo-nan da Inuwar Buta

Ba wanda ya taɓa kiran ta da sunan a gaban idonta, amma duk makarantar da shi aka san ta, har mai gadi da masu shara: Malama Kawo-nan. Dalili kuwa, yaro ba ya minti biyar yana zane a ajinta sai ya ji numfashi a ƙeyarsa, sai ya ji "kawo nan," kafin ya waiga fensir ya bar hannunsa. Ta gyara wa tulu wuya, ta miƙar da ƙafar kujera, ta cusa masa fensirinsa ta yi gaba tana cewa, "Ka gani? Abin ba wuya." Shekara ashirin da shida tana koyar da zane a ɗaki guda, na can ƙarshen baranda, kusa da inda ake jibge karyayyun bencina. Kujerarta ma ta daɗe da zama ma'ajiyar takardu da gwangwanayen fenti, don mai ita ba ta da lokacin zama.

Abin gado ne, in za a faɗi gaskiya. Mahaifinta mai rubuta allunan shaguna ne, yana da 'yar rumfa a bakin titi tsakanin mai faci da mai aski. Tun tana 'yar shekara bakwai ba ta iya zama wuri ɗaya, don haka uwarta ta ce ya riƙa tafiya da ita ko gida ya huta. A rumfar nan ta koyi haɗa fenti, ta koyi wanke burushi da kananzir, ta koyi jan layi a miƙe ba tare da ma'auni ba. Koyarwar tsohon iri ɗaya ce: ya damƙe hannunta a cikin nasa, su ja harafin tare. In ya sake ta layi ya ɗan karkace, sai ya fizge burushin ya ce allon mutane ne, ba wurin wasa ba. Bai taɓa dukan ta ba, bai kuma taɓa barin allo ya fita daga rumfar da kuskurenta a jiki ba. Masu shaguna su zo su yaba, ya nuna ta ya ce, "Aikin 'yata ne," ita kuwa daɗi kamar ya kashe ta. Tun daga nan ta ɗauka cewa in kana son mutum, to kada ka bari a ga karkataccen layinsa, kuma har ta fara furfura ba wanda ya raba ta da wannan tunani.

A gida ma haka take. Mijinta mai gyaran agogo ne, mutum mai sanyin hali, wanda zai yi awa biyu a kan agogo ɗaya bai ɗaga kai ba. Yadda aka yi suka zauna shekara talatin, Allah kaɗai ya sani. Ya ninke rigarsa, ta warware ta sake ninkewa. Autarsu ta share tsakar gida, ta bi bayanta da tsintsiya, har yarinyar ta daina shara gaba ɗaya, tunda dai za a sake.

"Malama," in ji mijin wata rana, "ke da za a ba ki ajiyar duniya na minti ɗaya, sai kin ɗan gusar da rana gefe."

Ta ce ai dama ranar ba daidai take ba. Ya yi dariya har da tari, ita ba ta yi ba, don da gaske take.

Abin da ta fi tsana a aikinta shi ne ba da maki. Lissafi in ka ci ka ci, in ka faɗi ka faɗi, amma zane fa? Ofishin jarrabawa ya aiko da takardar ƙa'ida: kaza ga siffa, kaza ga daidaiton girma, ashirin cif ga haske da inuwa, sauran ga tsaftar aiki. Sai ta ɗauki zanen yaro ta yi ta zarya da shi daga allo zuwa taga. Ta rubuta sittin da biyu a baya, ta goge, ta rubuta sittin da biyar, ta kai shi nesa ta kanne ido ɗaya, ta tuna uwar yaron ba ta da lafiya, ta sake gogewa. Daga ƙarshe sai ta ga ai abin da ya hana shi saba'in ɗan guntun layi ne. To, me zai hana a ja layin? Sai ta ja. Haka take yi shekara da shekaru, ba ta kuma taɓa kiran abin maguɗi ba, da wani zai kira shi haka a gabanta da ya ji ba daɗi. Yaranta ba sa faɗuwa, shugabar makaranta tana tinƙaho da ita a taron iyaye, kowa ya kama gabansa.

Ana nan sai ga Bahaguwa. Yarinya ce siririya mara magana, da hagu take komai, shi ya sa sunan ya bi ta. Marainiya ce a hannun kawunta, mai shagon fotokofi a bayan tasha. Tun makon farko Malama ta gane ta yi tsintuwa. Yarinyar sai ta zuba wa abu ido kamar ba za ta zana ba, ta daɗe, har ran Malama ya fara ɓaci, sannan ta sa fensir sau ɗaya abin ya tsaya da ƙafarsa. Malama ta so ta, so na gaske, irin mai hana mutum sukuni, kuma saboda haka ta fi kowa shan gyara a ajin. Yarinyar ba ta musu. Ta saki fensir, ta naɗe hannu, ta jira a gama.

A shekarar ƙarshe Malama da kanta ta taka har shagon kawun, ta tsaya a kansa yana aiki, ta yi ta yi masa naci har ya yarda yarinyar ta nemi kwalejin zane. Amma da sharaɗi.

"Sau ɗaya, Malama," ya ce, yana dafe da ƙugu. "In ta samu, Allah ya sa albarka. In ba ta samu ba, ga inji nan yana jiran ta, ni bayana ya gaji da tsayuwa."

Kwalejin kuwa ba ta ɗaukar kowa sai wanda ya kai tamanin a zanen jarrabawar ƙarshe. Ke nan takarda ɗaya ce tak tsakanin Bahaguwa da injin kawunta.

Ranar jarrabawa aka ɗora wata tsohuwar butar ƙarfe a kan tebur a tsakiyar aji, da ninkakken ƙyalle a gefenta, aka ba yara awa uku. Doka ta ce malamin darasi ba ya shiga, don haka malamin lissafi aka sa tsaro, ita aka bar ta a baranda. Kai, baranda ta ga ta kanta ranar! Ta je, ta dawo, ta leƙa ta taga, malamin lissafi ya harare ta, ta koma ta tsinke busassun ganyen fulawar shugaba, har da ɗanyun. Da aka tashi aka danƙa mata takardu talatin da takwas. Tsarin shi ne ita za ta fara ba da maki, ta sa hannu a fom cewa babu hannun da ya taɓa aikin sai na mai shi, bayan kwana biyu jami'i ya zo daga ofis ya tabbatar.

Da yamma, makaranta ta watse, tana ita kaɗai a ajin ta kai kan takardar Bahaguwa. Ga butar nan da lotsawarta, da baƙin hayaƙi a gindi, da murfinta da ya ɗan karkace, kai ka ce in ka ƙwanƙwasa za ta yi ƙara. A shekara ashirin da shida Malama ba ta ga irinsa ba. Ita kanta ba za ta iya ba, ta kuma san da haka, abin ya yi mata daɗi ya kuma ɗan sosa mata rai. Sai idonta ya sauka ƙasa. Ƙarƙashin butar fari fat, babu inuwa ko ɗigo.

"Ke kuwa 'yar nan, me ya kai ki?" ta faɗa da ƙarfi, ba kowa sai bencina.

Haske da inuwa maki ashirin ne. In jami'i mai bin ƙa'ida sau da ƙafa ne, zai zaftare abin da ya zaftare, tamanin ta suɓuce. Ta ajiye takardar ta je ta wanke burusan da ta riga ta wanke da safe. Ta dawo ta duba, ta kife ta, ta rurrufe tagogi, ta ɗauki jaka har ta kai bakin ƙofa. Nan ta hango yarinyar a ranta, tsaye a gaban inji daga safe har yamma, tana buga takardun mutane. Ta ajiye jakar. Layin da ta ja bai fi goma sha biyar ba, a hankali, da fensir mai taushi. Inuwar ta kwanta a gindin butar, ta kuma yi kyau, wannan ba ƙarya. Ta rubuta tamanin da takwas a baya, ta sa hannu a fom, ta kulle ɗakin.

Kwana biyun nan mijinta ya ga abin da bai saba gani ba, shi da ya saba ganin komai. Ta sauya wa kujerun falo wuri sau uku, ta zuba gishiri sau biyu a miya ɗaya. Ya tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya lau, me ya gani? Ya ce bai ga komai ba, ya koma kan agogonsa.

Jami'an da suka saba zuwa samari ne masu gaggawa, su ƙirga takardu, su sha ruwan sanyi, su buga hatimi, sai wata shekara. Wannan karon wani dattijo aka turo, mai kaurin tabarau, wanda aka ce saura wata uku ya ajiye aiki. Mutumin nan ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya sa aka ture bencina, ya shimfiɗa takardun nan talatin da takwas a ƙasa, ya tsugunna. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba sauri ba magana. Malama ta kawo masa ruwa, ya ce ya gode. Ta sake kawowa. A karo na uku ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, ta mayar da ruwan.

"Malama, yaranki hannunsu ɗaya," ya ce. "Kamar uwa ɗaya ta haife su."

"Koyarwa ce, ranka ya daɗe," ta ce, ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

Dattijon ya ɗauki takardar Bahaguwa ya miƙe da kyar, ya kai ta bakin taga. Ya daɗe a kanta, har Malama ta ji ƙafafunta na ƙaiƙayi.

"Wannan yarinyar da wane hannu take zane?"

"Da hagu, ranka ya daɗe."

"Na ga alama. Zo ki gani." Ya nuna da bayan biro, bai taɓa takardar ba. "Bahago in yana cike duhu, layukansa hagu suke kwantawa, haka wuyan hannunsa yake tafiya. Dubi jikin butar. Dubi ƙyallen. Duk hagu. To, dubi nan ƙasa."

Ta duba. Layukan inuwar a jere suke tsaf, duk sun kwanta dama. Abin da ta sani tun tana rumfar mahaifinta, abin da ita da bakinta take koya wa yara, shi ne ya sha mata kai ranar, don hannunta ya riga hankalinta.

Ƙarya ta zo mata har bakin leɓe: ta ce yarinyar da hannu biyu take aiki. Amma ta san dattijon zai sa a kira ta, sai yarinyar ta zaɓa, ko ta yi ƙarya ko ta tona asirin malamarta. Wannan kam ba za ta ɗora mata ba.

"Ni ce," ta ce. "Bayan an tashi na ƙara. Ba ta sani ba."

"Takardar da aka taɓa ta mutu, Malama. Kin fi ni sani."

Nan fa bakinta ya buɗe. Ta ce su kore ta, su rubuta sunanta a duk inda za su rubuta, amma yarinyar marainiya ce, dama ɗaya aka ba ta. Ta ba shi labarin kawu, ta ba shi labarin inji, tana magana tana zagaya shi, har ta kusa taka takardun mutane. Dattijon ya bar ta ta gama.

"Rahoto a kanki sai na rubuta, wannan babu makawa," ya ce. "Abin da zan iya wa yarinyar ɗaya ne. Motar ofis za ta zo ɗaukata ƙarfe ɗaya. A kawo butar, a ba ta sabuwar takarda, ta zana a gabana."

Malama ta dubi agogon bango. "Awa ɗaya da rabi ke nan. Awa uku aka ba sauran!"

"Awa ɗaya da rabi gare ni."

Aka kira Bahaguwa daga ajin tarihi. Ta shigo ta durƙusa ta gaida dattijon, ya miƙa mata takardarta ba tare da dogon bayani ba, ya ce an taɓa aikin, sai ta sake. Yarinyar ta dubi gindin butar. Ba ta tambayi wanda ya taɓa ba.

"Malama, da gangan na bar shi," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Inuwar ta bayan butar ta faɗi. Daga inda nake zaune ba a ganin ta. Na duba, na sake dubawa."

"Gaskiyarta," in ji dattijon. "Hasken da ke jikin butar ma ya nuna haka. Da an bar shi yadda yake, ko maki ɗaya ba zan rage ba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Malama ta shige. Kunya ta kama ta, da baƙin ciki, da haushin kanta, ba ta san wanda za ta fara ji ba.

Aka ɗora buta, aka ninke ƙyalle, yarinyar ta zauna. Ta zuba wa butar ido yadda ta saba, minti biyar, minti bakwai, takarda fara. Malama tana jin tafiyar agogo a cikin kanta. Ta tsaya a bango, ta matsa taga, ta gyara wani benci da ba abin da ya yi wa kowa. Yarinyar ta fara, layin farko ya fita a karkace. Malama ba ta san lokacin da ta isa bayanta ba. Ba ta taɓa komai ba, wallahi ba ta taɓa ba, tsayawa kawai ta yi. Sai ta ga yarinyar ta kwantar da hannun dama ta kare takardar, ta sunkuya a kanta. Fensir ya tsaya.

"Baba," in ji Bahaguwa, ba ta ɗago ba, "don Allah, ko Malama za ta ɗan jira a waje?"

Dattijon ya dubi Malama, ya dubi ƙofa. Malama ta fita daga ɗakin da ta yi shekara ashirin da shida tana mulki, ta ja ƙofar da hannunta. Maganar ta yi mata ciwo fiye da rahoton da za a rubuta, ta kuma san yarinyar ba rashin kunya ta yi ba. Ta bi baranda har ƙarshe ta dawo, ta sake bi. Taga na nan a buɗe, taku uku ne, amma ba ta leƙa ba. Shugabar makaranta ta zo wucewa ta tambaye ta ko an gama, ta ce saura kaɗan, ta juya mata baya kada ta ga idonta.

Ƙarfe ɗaya saura minti biyu motar ofis ta yi ham a bakin ƙofar makaranta. Dattijon ya fito riƙe da takalmansa a hannu ɗaya, babban ambulan a ɗayan, an manne bakinsa an buga hatimi.

"Ranka ya daɗe..."

"Tamanin da ɗaya," ya ce. "Layinta ya karkace da farko, kuma ba ta gama ƙyallen ba. Amma ya ishe ta."

Malama ta dafa bango ta yi hamdala, ta sake yi. Sannan ta miƙa hannu wajen ambulan ɗin. "In ɗan gani mana, ko da kallo ɗaya."

"An rufe, Malama." Ya zura takalmansa, ya yi mata sallama cikin mutunci, ya nufi mota.

Bahaguwa ce ta fito daga ƙarshe, gefen hannunta na hagu baƙi ƙirin da fensir. Malama ta tare ta. Ta shirya magana mai tsawo a baranda, ta ban haƙuri da bayani, amma da suka haɗa ido duk ta watse.

"'Yata, ki yafe min. Don ke na yi."

"Na sani, Malama. Ba komai." Yarinyar ta shiga murza yatsunta, kamar mai shawarar ko ta faɗa ko ta bari. "Ina da wani littafin zane a gida. Shekara uku ina cika shi, ya kusa ƙarewa."

"Shekara uku? Ban taɓa ganin sa ba. Me ya hana ki zuwa da shi?"

"Ina son sa yadda yake, Malama."

Shekara uku yarinyar na zaune a ajin, Malama tana ce wa kowa ta san hannunta kamar tafin nata, ashe ainihin aikin yana can an ɓoye mata shi.

"Za ki nuna min?" ta ce. "Kallo kawai. Wallahi ba zan taɓa ba."

Bahaguwa ta dubi fuskarta, sannan ta dubi hannayenta, ta daɗe a kansu yadda take daɗewa a kan abin da za ta zana.

"Sai na yi tunani, Malama," ta ce. Ta ɗan rusuna, ta koma ajin tarihi.